Na gaji adaka cike da tsofaffin wasiƙu, yaya ake ciro kan sarki ba tare da an ɓata shi ba?

Autan Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma kafin ku fara yi mini faɗa bari in faɗi laifina da bakina: na riga na ɓata guda goma sha ɗaya.

Mahaifinmu ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon kaya, yayyena kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi, aka bar wata tsohuwar adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, don kowa ya san takardu ne a ciki. Ni ne auta, ni nake zaune a gidan, sai ta zama tawa ba tare da an ce komai ba. Sai satin da ya wuce da aka ba mu hutun makaranta na fasa kwaɗon. Wasiƙu ne ɗauri-ɗauri, an ɗaɗɗaure su da zaren buhu. Na ƙirga ɗari uku da 'yan kai na gaji na bari. Mafi tsufa da na iya karanta hatiminta ta 1957 ce, ta ƙarshe kuwa 1994.

Malam ya yi akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa a Gusau tun yana saurayi, daga baya ya dawo Zariya. Mutum ne mai son rediyo kamar me. Ba ya gajiya da rubuta wa tashoshin waje takarda, su kuma suna ba shi amsa, har da kalanda. Akwai ambulan daga Kolon ta Jamus, akwai na Landan, akwai na ƙasar Sin masu furanni da tsuntsaye. Akwai kuma wasiƙun wani ƙanen kakarmu da ya tafi Makka a ƙasa bai ƙarasa dawowa ba, ya zauna a Wad Madani ta Sudan, duk da ajami ya rubuto su. Kan sarkin da ke jikin wasu daga ciki wani mutum ne a kan raƙumi yana sukuwa da buhuna. Sai na wani amininsa da ke zangon Kumasi, guda ɗaya da hoton Nkrumah. Sauran duk na cikin gida ne, daga Kano, Funtuwa, Ƙaura Namoda, Nguru, Jos.

Wanda ya fara ɗaukar hankalina wani ɗan ƙarami ne mai hoton dalar gyaɗa. Ni dai a littafin makaranta kawai na san dalar nan, sai ga ta a kan ambulan da aka rubuta sunan ubana. Nan take na ce zan tara su duka in jera a littafi guda.

Ga yadda na yi ɓarnar. Na farko da farce na ɓanɓare, bayansa ya tsaya a jikin ambulan, ya zama sirit har ana hango yatsana ta ciki. Na biyu ya yage biyu. Sai matata ta ce ai da ruwan zafi ake yi, haka suke yi suna firamare. Na yanko guda tara na zuba a kwanon sha, na juye musu ruwa daga buta yana tururi. Sun saki kam, amma ɗaya daga cikin takardun ja ce, kafin in ankara ruwan ya koma kamar zoɓo, duk sun rine. Na shanya su a rana a kan tabarma, suka nannaɗe kamar ɓawon albasa. Na kama su na danne da salatif a littafin rubutu. Da safe na duba na ji kunyar kaina.

To yaya ake yi? A ina ake ajiyewa gara ba ta ci ba, don na ga ta fara taɓa ƙasan adakar? Sannan babban yayanmu ya ji labari ya bugo waya yana tambaya ko akwai kuɗi a ciki, wai in akwai to gado ne, a raba. Me zan ce masa?

Baba Mai Hatimi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Ajiye almakashin nan tukuna. Ka mayar da shi ɗakin matarka, kada ka sake ɗaukowa sai ka gama karanta wannan.

Na shiga aikin gidan waya a 1971, lokacin ana kiran ma'aikatar P&T, waya da wasiƙu duk hukuma ɗaya, kafin a raba su a 1985. Shekara talatin da wani abu ina buga hatimi, har yau kafaɗata ta dama tana tuna mini in sanyi ya shigo. Abin da zan gaya maka shi ne, tsohuwar wasiƙa da ambulan ɗinta cikakke ta fi kan sarkin da aka ciro daga jikinta daraja nesa ba kusa ba. Mai dalar gyaɗan nan da ya burge ka na ahu ne, kwabo ɗaya da rabi, cikin jerin da aka fitar a 1953. A jerin nan na kwabo mahayan dawakin Barno ne, na taro (kwabo uku) gadar Jebba, na sisi kan tagulla na Ife. An buga su da yawan gaske, ko'ina a duniya mai tarawa yana da su. Amma wanda aka liƙa a ambulan, aka buga masa hatimin Ƙaura Namoda ko Nguru da rana da wata da shekara, aka rubuta sunan mahaifinka da kamfanin da yake aiki, wannan guda ɗaya ne tak a duniya. Kana sa almakashi ka mayar da shi irin na kowa.

Saboda haka ka raba kayanka kashi biyu. Duk abin da ya girmi canjin kuɗi na 1973, wato wanda farashinsa yake da kwabo da sule ba kobo da naira ba, ka bar shi yadda ka same shi. Na Sudan da na Kumasi ma haka, ko da na baya ne. Na tashoshin rediyo ka zaɓi masu kyau ka bari. Waɗanda za ka jiƙa su ne na baya-bayan nan da kake da irinsu goma-goma, da waɗanda gara ta riga ta cinye ambulan ɗinsu. Na san za ka sami na kobo goma mai namun dajin Yankari da yawa, da shi aka fi aika wasiƙa a wani lokaci. A kansu za ka koyi hannu. In ka ci karo da na kobo talatin mai hoton kamun kifi na Argungu ka ware shi, yana da kyau.

Ga yadda ake yi. Ka yanka takardar ka bar tazarar kamar faɗin farce a kewaye, kada almakashi ya taɓa haƙoran, don wanda ya rasa haƙori ko ɗaya ya zama gurgu a wajen masu tarawa. Ruwan randa za ka sa, ko mai ɗan ɗumi wanda jariri zai iya wanka da shi, a faranti mai faɗi. Kada ka zuba fiye da goma ko sha biyar a lokaci guda. Ka bar su kamar minti goma zuwa sha biyar, za ka ga suna rabuwa da takardar da kansu. Wanda ya ƙi, ƙyale shi ya ƙara jiƙa, kada ka ja. Ka canza ruwa ka ɗauraye ragowar gam ɗin da ke bayansu da tafin yatsa a hankali. Sai ka kife su a kan farin tawul mai tsabta, fuska ƙasa, a inuwa cikin ɗaki. In sun sha iska sun kusa bushewa ka sa su tsakanin fararen takardu ka ɗora littafi mai nauyi ya kwana. Ban da jarida, tawadarta tana kamawa.

Takarda mai launi, ja ko shuɗiya ko ruwan ƙasa, ita kaɗai ake jiƙa ta a ruwan sanyi, kana tsaye a kanta, yana saki ka tsame. Ka riga ka ga dalili da idonka. Sannan in Allah ya sa ka ci karo da na zamanin sarakunan Ingila maza, masu launin shunayya ko kore, kada ruwa ya kusance su. Da gangan aka buga da yawansu da tawada mai zuba, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da su.

Af, sunan ma daga nan ya samo asali, kan sarkin Ingila ne ake bugawa a jiki. Abin dariyar shi ne na farko da aka buga da sunan Arewacin Nijeriya a 1900 kan mace ne, Sarauniya Biktoriya, ita kuma ta rasu a farkon 1901, ɗanta Edward ya hau. Da ta ƙara 'yan shekaru a duniya wataƙila da kan sarauniya muke cewa har yau.

Salatif kuwa ka ɗauka waɗancan tara sun tafi. Gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai maiƙo wanda ba ya fita. Bar su a littafin su zama maka tuni.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk na sama muhimmanci. Adakar tsohon akawu ba ta rasa rasit da takardun ciniki. A da ana liƙa kan sarki a takardar cinikin gida ko gona ko a rasit, a sa hannu a bisa kansa. In ka ga irin wannan, ko da kan sarkin ya fi kowanne kyau, kada ka taɓa. Na san gidan da yaro ya ɓanɓare na takardar gonar kakansa ya kai makaranta, rabin sa hannun mai sayarwa ya tafi da shi, aka sha wahala a gaban alƙali.

Ɗan Kasuwar Kwari ya amsa:

Baba duk mun ji, Allah ya ƙara lafiya, amma ba ka taɓa maganar yaya ba. Ni na taɓa gani a waya an sayar da wani guda ɗaya miliyoyin daloli. Auta, kafin ka bi ta su tawul da faranti ka fara dubawa ko abin nema ya samu. In akwai na Turawan mulki a ciki ni ma ina da wanda zan haɗa ka da shi a Legas, a cire mini la'ada kawai.

'Yar Damagaram ta amsa:

Sannunku. Auta, Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙuri.

Mu nan tambur muke cewa, kun san mu da aron bakin Faransa. Na fara tarawa ina 'yar shekara goma sha biyu. Yayata tana aikin sakatariya a wata ƙungiyar agaji, kullum in an tashi sai ta kwaso mini ambulan ɗin da aka zubar a kwandon shara. Ta nan na san duniya kafin in san ta a lakwal. Na yi wata biyu ina neman ƙasar da ake kira Helvetia a taswira ban samu ba, ashe Suwizalan ce. Magyar ita ce Hangari, Suomi kuma Finlan. Wanda ka ga babu sunan ƙasa ko kaɗan sai kan sarauniya ko inuwarsa a lungu, na Ingila ne. Su suka fara a 1840, shi ya sa har yau ba sa rubuta suna. A cikin na Jamus ɗinka ka duba, in ka ga Deutsche Bundespost ta Yamma ce, DDR kuma ta Gabas, tun kafin su haɗe a 1990.

Ina goyon bayan Baba Mai Hatimi kan maganar hatimi, kuma ga hujja daga wajenmu. Daga wajen 1944 har zuwa 1959 Nijar ba ta da tambur nata na kanta, na Afirka ta Yamma ta Faransa gaba ɗaya ake amfani da shi, iri ɗaya daga Dakar har Zinder, wato Damagaram. To in ka ciro shi daga ambulan, ko ka yanke hatimin, da me za ka san daga Maraɗi ya fito ko daga Bamako? Ina da guda ɗaya da hatimin Tasawa ya fito raɗau a kansa, ba zan ba da shi a kan ɗari marasa hatimi ba. Wanda na fi so duka kuwa na jerin 1926 ne mai hoton ganuwar sojan Zinder, shekarar da aka ɗauke mana babban birni aka kai Yamai. Saye na yi, ban gada ba.

Mai raƙumin nan naka na Sudan sananne ne ƙwarai. Tun 1898 aka fara buga zanen, wani hafsan sojan Ingila ne ya zana, aka yi ta maimaita shi shekaru da yawa. In kana da gilashin ƙara girma ka duba buhunan da ke jikin raƙumin, an rubuta Khartoum da Berber da ƙananan baƙaƙe.

Maganar ajiya, abokan gabanka uku ne: gara, kyankyaso, da laimar damina. Ta ukun ta fi sauran mugunta don ba a ganin shigarta, sai dai ka buɗe a watan tara ka tarar da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, kuma yana yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Ku Zariya ma kun fi mu ruwa. Ka fitar da su daga adakar, ka kakkaɓe, ka cire duk wata allura ko ƙarfen maƙale takarda da ya yi tsatsa, da robar ɗauri in akwai. Ka sami roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka jera ambulan ɗin a tsaye kamar yadda ake jera kati, kada ka danne su. Ƙananan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko cikin robar magani, masu tsotse danshi, ka tara ka zuba a ciki. A ɗora a saman kabad, kada a jingina da bango. In hunturu ya shigo ka buɗe su sha iska a ɗaki. Ka sayi hantsaki mai faɗin baki wanda ba shi da kaifi, don gumin hannu yana barin tabo.

Wani abu kuma da ban ga an faɗa ba. Ka ce akwai na ƙasashen Larabawa ko? Wasu na Saudiyya da makamantansu suna ɗauke da sunan Allah ko aya. Ni ba na jiƙa su ma sam, in kuma ya zama dole ba na zubar da ruwan a makwarara, gindin bishiya nake kaiwa. Sannan wasiƙun cikin ambulan sirrin mutane ne, wasunsu suna raye. In za ka sa hoto a nan ka rufe suna da adireshi.

In wani ya kawo maka na Amurka ko Ingila na 'yan shekarun nan, kada ka wahalar da kanka, yawancinsu masu gam ɗin sitika ne, ko sun kwana a ruwa ba sa saki. Yanke su ake yi da kyau a bar su a kan takardarsu.

Baba Mai Hatimi ya sake amsawa:

'Yata ta Damagaram, Allah ya yi miki albarka, kin fi ni sanin na waje.

Ɗan Kwari, ba ƙarya ka gani ba. Na ƙasar Gayana ne lokacin tana hannun Ingila, na 1856, an sayar da shi a 2014 a kan dala miliyan tara da kusan rabi. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ne ya tsince shi cikin takardun kawunsa a 1873, ya sayar sule shida. Amma dalilin tsadarsa shi ne shi kaɗai ya rage a duniya. Tsufa kawai ba ya sa tsada. Na farkon duniya ma, baƙin nan na kwabo na 1840, an buga fiye da miliyan sittin da takwas, shi ya sa mai matsakaicin hali a Turai yana iya mallakarsa. A namu na Arewa wanda ake ji da shi shi ne na fam ashirin da biyar na 1904, mai kan Edward, kuɗinsa dubban fam ne. To fam ashirin da biyar a 1904 wa zai liƙa a wasiƙa? Don biyan kuɗin lasin aka yi shi, ba zai zo adakar akawun gyaɗa ba.

Auta, ka gaya wa yayanka gaskiya: in aka ciro duka aka kai kasuwa, da wuya su sayi buhun masara. Ambulan cikakku masu hatimin ƙananan garuruwa suna iya ɗan fin haka a wajen wanda ya san su, amma ba abin da za a tara magada a kansa ba ne. Duk da haka hakki hakki ne. Ka kira shi ya zo ya gani da idonsa, ka nemi 'yan'uwanka su yafe maka a gaban shaida ko a yi musu kuɗi ka biya, kada bayan shekara goma a ce auta ya cinye dukiya. Kuma ka yi hankali da masu cewa a kai Legas a duba, ba da kai nake ba Ɗan Kwari.

Ɗan Kasuwar Kwari ya amsa:

Da ni kake Baba, na ji kuma na janye. Buhun masara ma a wannan zamani ai ba abin rainawa ba ne.

Autan Malam ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, almakashi ya koma inda ya fito.

Jiya na gwada da guda goma sha biyu na Yankari a ruwan randa. Goma sha ɗaya sun fito lafiya, ɗaya na yi gaggawa na ja shi ya rasa haƙori biyu. Yanzu suna ƙarƙashin ƙamus.

Maganar rasit kuwa kamar kana gani. A ƙasan adakar na tarar da takardar cinikin gidan da muke ciki, ta 1968, da kan sarki a liƙe an sa hannu a kai. Gara ta ci gefe ɗaya amma ba ta kai rubutun ba. Wallahi da na fara da ƙasan adakar maimakon samanta, da ita zan fara ɓanɓarewa, don mai hoton giwaye ne kuma ya fi sauran tsabta. Da na gaya wa yaya wannan sai ya manta da maganar miliyoyi, ya ce ranar Asabar yana tafe a kai takardar a yi mata hoto kowa ya riƙe. Wasiƙun ajamin Sudan kuma Hajiya ta ce a kai wa limamin unguwarmu ya karanta mana, don tana jin akwai 'ya'yan mutumin a can har yanzu.

Anti ta Damagaram, na duba da gilashin Hajiya na karatu, na ga rubutun jikin buhunan raƙumin. Sauran tambaya ɗaya. Akwai ambulan biyu na 1959 da hatiminsu ba sunan gari ba ne, haruffa uku ne, T.P.O., sai wani abu da ya goge. Wane gari ne wannan?

Baba Mai Hatimi ya amsa:

Ba gari ba ne ɗana, gidan waya ne na cikin jirgin ƙasa. Tarago guda ake warewa, ma'aikata suna ciki suna rarraba wasiƙu jirgi yana tafiya, wanda ya makara kuma yana iya zuwa tasha ya miƙa tasa a nan, a buga mata wannan hatimi. Waɗanda suka koya mini aiki sun yi shi, suna ba mu labarin yadda ake buga hatimi a tsaye jirgi yana jijjiga, shi ya sa da wuya ka ga wanda ya fito sosai. Waɗannan biyun ka ware su daban a farar takarda. Ka ɗauko mini hotonsu gaba da baya, da rana a bakin taga, kada ka kunna fitilar waya. Ka duba bayan da kyau, sau da yawa akwai hatimi na biyu na garin da aka sauke ta, daga nan za mu gane ko jirgin hawa ne ko na gangara.